Dole ne mai ba ni shawara ta zama mace mai jin harshena?

'Yar'uwa, ba dole ba ne. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi tasiri a jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa shi ne yarda tsakaninki da mai ba ki shawara. Amma in akwai abin da nauyin baki zai hana ki faɗa wa namiji, kamar cin zarafi ko matsalar shimfiɗa, nemi mace kai tsaye, haƙƙinki ne.

Batun harshe ya fi damuna. Mutum kan ba da labarin baƙin cikinsa da harshen makaranta ido a bushe, sai ya koma harshen uwa hawaye su zubo. Wani lokaci kuma tazarar da harshen makaranta ke sawa tsakaninsa da baƙin cikin ce ma ke ba shi ƙarfin buɗe baki. In za a sa tafinta, don Allah kada ya zama mijinki ko danginki.