Ku Tambayi Baba Safiyo: Kayan Gane Hanya Ga Mai Hawan Duwatsun Jos

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga fita daji da hawan dutse, wataƙila don hutu ya matso. Na ɗauki huɗu. Ta farko ce za ta ci mana fili, domin ran mutane shida ke cikinta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina zaune a Unguwar Rogo. Mu shida muka shirya hawa duwatsun Shere bayan jarrabawa, mu kwana ɗaya a can. Na ga jerin kayan gane hanya da Turawa ke saye, kuɗinsu ya fi ƙarfina. Abokaina kuma sun ce tunda kowa na da waya mai GPS, ba sai mun wahalar da kanmu ba. Me zan haɗa wanda aljihun ɗalibi zai iya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin in lissafa maka kaya, bari in ba ka labarin ranar da na san darajar fensir.

Wata shekara cikin Agusta, ina aikin awo, mu uku muka shiga bayan Shere. Da la'asar sakaliya gajimare ya sauko ya zauna a kanmu, har ba ka ganin wanda ke gabanka da taku goma. Muna da taswira, muna da kamfas mai kyau. Amma babu ɗayanmu da ya rubuta inda muka tsaya na ƙarshe, ko ƙarfe nawa muka bar wurin. Kamfas na nuna arewa daidai, sai dai arewa daga ina? Duwatsun nan kuwa kamar an haife su rana ɗaya, manyan ƙwallaye ne bisa juna, wannan ya yi kama da wancan. Awa biyu muka yi muna bin kwarin da ba namu ba, sanyi ya shiga ƙashi, sai Allah ya haɗa mu da wani makiyayi yana kora shanunsa gida, shi ya ɗora mu kan hanya. Har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'a.

Don haka farkon abin da za ka saka a jaka shi ne fensir, da ƙaramin littafi, da agogon hannu. Fensir fa, ba biro ba, don biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda. Duk inda kuka kai wurin da ka tabbatar da shi, mararraba ce, ko rafi, ko wani dutse da babu irinsa, ka rubuta lokaci da wurin da kuma inda kuka dosa. In kai ya juya, ba neman duniya duka za ku yi ba, wurin nan na ƙarshe za ku koma.

Sai taswira. Mafi amfani ga mai tafiya a ƙasa su ne waɗanda hukumar safiyo ta tarayya ta buga tun shekarun 1960, masu ma'aunin 1:50,000. Ma'anarsa, santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Garin Jos yana cikin takarda mai lamba 168, wadda ake kira Naraguta, ɓangaren arewa maso gabas. Amma duwatsun Shere sun zarce iyakarta, saboda haka ka nemi maƙwabciyarta ta gabas ma. Tunda kai ɗalibi ne, ka fara tambaya a sashen nazarin ƙasa na makarantarku. In za ka yi hoton takardar, ka tabbatar layin ma'aunin nan na ƙasa ya fito a ciki, domin injin kan rage girma ko ya ƙara, kai ba ka sani ba. Ka ninke ta ka saka a leda mai haske.

Kada tsufanta ya sa ka raina ta, ai da tsohuwar zuma ake magani. Hanyoyin ƙafa sun sauya, ƙauyuka sun faɗaɗa, amma dutse da kwari suna inda aka bar su. Layukan nan masu lanƙwasa, launin ƙasa-ƙasa, su ne ke nuna tsayi. Inda suka matse juna hawa ne mai tsauri, inda suka ware ƙasa ta kwanta. Lambobin jikinsu da ƙafa aka rubuta, ba mita ba. Garin Jos yana wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829. Wani mahayin dutse ɗan Sikotlan mai suna Naismith ya fitar da lissafi a 1892 wanda har yau ake aiki da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Ku da ba ku saba ba, ga kaya a baya, ku ƙara rabin abin da lissafin ya ba ku. Kuma ku tuna a nan rana na faɗuwa duhu ke biyo ta, ba ya jira.

Kamfas kuma, ka nemi mai faffaɗan gindi na roba da ake ganin taswira ta cikinsa, mai zobe da ke juyawa daga 0 zuwa 360, allurarsa na iyo cikin ruwa. Na kamfanonin Silva da Suunto sun yi suna, amma mai araha ma yana aiki in ka gwada shi tun a shago. Ka ɗora shi a tafin hannu, allurar ta tsaya cikin 'yan daƙiƙu. Ka kawo makulli kusa ta bi shi, ka janye, ta koma daidai inda take. Ka kuma duba ta gefe: wanda aka ƙera don ƙasashen Turai an ƙara wa gefe ɗaya na allurarsa nauyi saboda yanayin maganaɗisun can, in ya zo nan sai ta karkata, wani lokaci har ta riƙa gogar gilashi. Irin wannan ka ajiye musu abinsu. Na jikin maƙalin makulli kuwa ado ne kawai.

Allah ya sauƙaƙa mana abu ɗaya a yankin nan: a yanzu bambancin arewar kamfas da arewar gaskiya bai kai digiri 2 ba. Lambar gyara da za ka gani a gefen tsohuwar taswira ta zamanin da aka buga ta ce, kada ka yi aiki da ita. Abin da zai ɓatar da kai shi ne ƙarfe: waya, wuƙa, kan bel, mota, ko tsayawa ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Kuskuren digiri 5 kaɗai zai kauce da kai kusan mita 90 a kowane kilomita. In za ka koma inda ka fito, lambar digirin da ka bi a kamfas ka ƙara mata 180, in kuma ta riga ta haura 180 ka cire mata 180.

Kamfas ya ba ka saiti, nisa kuma ƙafarka ce za ta faɗa maka. Ka je filin ƙwallo ka auna mita 100, ka taka yadda ka saba, kana ƙirga duk saukar ƙafar dama. Yawancin mutane kan samu tsakanin 60 da 70, a hawa kuma ya fi haka. Ka ɗebi tsakuwa goma a aljihun dama, duk mita 100 ka mayar da ɗaya hagu. Sun ƙare, ka yi kilomita.

Ragowar ba su da tsada: usur ga kowane mutum, busa uku a jere alamar neman taimako ce, tocila da batirin canji, ɗan madubi, zare don auna hanya mai lanƙwasa a taswira, da rigar sanyi, don wanda sanyin Disamba ya kama a kan Shere lissafi ma gagararsa yake.

Abokanka ba su yi ƙarya ba, GPS na waya yana aiki ko babu layi, tunda daga taurarin ɗan'adam yake karɓar saƙo. Amma taswirar da ke ƙarƙashin ɗigon nan mai shuɗi sai an sauke ta tun a gida, da manhaja irin su OsmAnd ko Organic Maps. Kuma waya na mutuwa, tana faɗuwa tsakanin duwatsu, ruwa na shigarta. Ku tafi da ita, ku kashe biyu daga cikin wayoyinku shida gaba ɗaya don ranar buƙata. Ni dai ba zan bar ɗana ya hau da waya kaɗai ba.

Akwai abin da ba ya shiga jaka. Duwatsun nan da masu su, mutanen Afizere suna zaune a kewayensu tun kaka da kakanni. Ku je ku gai da mai unguwa, ku nemi ɗan jagora ku biya shi haƙƙinsa. Matambayi ba ya ɓata. Ku tambayi halin tsaro a makon da za ku tafi, ba labarin watan jiya ba. Akwai cibiyar horar da 'yan Man O' War a nan Shere, sun san dutsen ciki da bai. In aka ce kada ku kwana, ku sauko. Ku bar takarda a gida mai sunayenku, da hanyar da za ku bi, da lokacin dawowa, ku riƙe lambar gaggawa 112. Sannan ina roƙonka, ɗana: ƙasar Filato cike take da tsofaffin ramuka da tafkunan haƙar kuza, masu zurfi, gaɓarsu a tsaye, sun ci rayuka da yawa, ba duka ke cikin taswira ba. In duhu ko hazo ya rufe, kada ku ce kamfas ya ce miƙe. Ku zauna wuri ɗaya har gari ya waye.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Na ɗauki lambobin wuri daga wayata na ɗora a tsohuwar taswira, sai suka faɗa can nesa da inda nake. Taswirar ce ta lalace? Daga wani matashi a Bukur.

AMSA: Yauwa ɗana, lafiyarta ƙalau. Taswirorinmu an ɗora su ne a kan tushen awo na Minna, waya kuwa tana aiki da na duniya, WGS 84. Tsakaninsu a nan akwai kamar mita 80, wanda a takarda bai kai milimita 2 ba. Tunda ka ce can nesa, ina zargin wani abu dabam. Waya kan rubuta digiri da ɗigo, taswira kuma digiri da minti, minti 60 ke yin digiri ɗaya. Wato 9.50 a waya digiri 9 da minti 30 ne, ba minti 50 ba. Wanda ya rikita su ya jefa kansa kilomita 37 daga inda yake. Ka shiga saitin manhajar ka mayar da ita digiri da minti, ka sake gwadawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamar Islamiyya ce a Gangare, mukan kai ɗalibai yawon buɗe ido Riyom da Assop. In lokacin salla ya yi, sai mu duba gabas a kamfas mu fuskanta. Daidai ne? Kuma kamfas ɗin jikin darduma zai yi mana aikin gane hanya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri da wannan kula. Mu Hausawa mun saba ce wa alƙibla gabas, har mukan ce mutum ya dubi gabas in zai yi salla. Amma a awo ba ɗaya ba ne. Gabas tsantsa digiri 90 ce, Ka'aba kuwa daga Jos tana kan digiri 65. Wato in kin fuskanci gabas, sai ki karkata hagu, wajen arewa, da digiri 25. Hanya mafi sauƙi: ki juya zoben kamfas har 65 ta zo kan kibiyar gaba, ki riƙe shi a kwance, ki juya jikinki har jan bakin allura ya hau kan alamar arewa. Inda kibiyar ta nuna, nan ne. Lambar nan za ta yi miki a Riyom da Assop duka, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ki sa manyan ɗalibai su yi da hannunsu, yara na saurin kamawa.

Na jikin darduma kuwa, lambobinsa na garuruwa ne da ke cikin ɗan littafin da ake haɗo shi da shi, ba digiri ba ne. Allurarsa za ta nuna miki arewa, iyakarsa ke nan.

TAMBAYA: Baba, na karanta cewa da tsakar rana, rana tana kudu, inuwa na nuna arewa. In babu kamfas zan iya dogara da haka? Daga Rikkos.

AMSA: Wanda ya rubuta haka a Ingila ko makamanciyarta yake zaune, kuma a can gaskiya ya faɗa. Mu muna kusan digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi, inuwar tsakar rana sai ta faɗi kudu. Sauran watanni ne maganarsa ke daidai. Wanda ya bi ta a watan Yuni, baya zai ba inda ya nufa.

Tauraron arewa ma da suke yabo, a nan ƙasa-ƙasa yake, tsayin dunƙulen hannu ɗaya daga inda sama ta haɗu da ƙasa in ka miƙe hannunka. Dutse kaɗan ya tare shi, hazon hunturu ya shafe shi. Gamzaki ya fi shi amfani a lokutan da yake fitowa da asuba, don ta gabas yake ɓullowa.

Ga dabarar da ke aiki kowane wata, muddin akwai rana. Ka kafa sanda a wuri mai laushi da ya baje, ka ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta. Ka jira minti 20, ka ajiye ta biyu inda ƙarshen inuwar ya koma. Ta farko tana yamma, ta biyu tana gabas. Ka ɗora ƙafar hagu a ta farko, ta dama a ta biyu, fuskarka na kallon arewa. Ba ta kai kamfas daidaito ba, kuma ta fi kyau daga hantsi zuwa azahar. Ka gwada ta a tsakar gidanku ranar Asabar, ka kwatanta da kamfas, ka rubuto mini digiri nawa ta kauce.