Ina iya zana dabbobi, amma da na sa su motsi sai su koma kamar katako

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni matashi ne mai son zane tun ina ƙarami, musamman dabbobi da tsuntsaye da bishiyoyi. In na kalli hoto ina kwaikwayonsa tsaf, har mutane su yaba. Kwanan nan na fara koyon katun a waya da manhajar FlipaClip, amma duk dabbar da na sa ta tafiya sai ta riƙa sulɓewa kamar ana jan ta da igiya, ba rai ko kaɗan. Wayar ce matsalar, in nemi kwamfuta da allon zane? Ko kuwa ni ne ban da baiwar?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Toh, kar ka sayi komai tukuna, wayarka ba ta da laifi, kuma maganar baiwa ka ajiye ta gefe, wanda hannunsa ke fitar da dabba har a yaba ai yana da ita. Amsar tana cikin maganarka da ka ce "in na kalli hoto". Hoto abu ne da aka daskarar, shi ya koya maka kamannin dabba, amma bai taɓa nuna maka yadda take ɗaga ƙafa ko inda nauyinta yake komawa in ta ɗaga ba, shi kuwa katun kusan gaba ɗayansa wannan ne.

Ba kai kaɗai ido ya taɓa ruɗa ba. Shekaru aru-aru masu zane a Turai suna zana doki a sukuwa ya miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, yana shawagi. Sai a 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a Kalifoniya ta Amurka, doki ya wuce ta gabansu a guje kowacce ta ɗauki nata, aka ga lallai akwai lokacin da kofatai huɗun duk suna sama, amma a lokacin ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin ciki. Nemi hotunan nan a intanet, har yau masu katun na koyo da su. Haka kamfanin Disney da za su yi fim ɗin Bambi na 1942, ƴaƴan barewa masu rai aka kawo musu sutudiyo suna kallo suna zanawa, alhali ƙwararru ne.

Sulɓewar da kake gani kuma na san daga ina take. Ƙafar da ta taka ƙasa dole ta tsaya cak a wannan ɗigon har sai jikin ya wuce ta samanta sannan ta tashi. Kai kuma ina kyautata zaton kana matsar da dabbar gaba ɗaya a kowane firam (wato kowane hoto ɗaya cikin jerin hotunan katun), har da ƙafar da ke ƙasa. Ja layin ƙasa, sa ɗigo a inda kowace ƙafa ta sauka, kunna inuwar firam ɗin baya (FlipaClip na da ita) kar ka bari ƙafar ta bar ɗigonta. Wannan kaɗai zai gyara maka abu da yawa. Sannan jerin takun: yawancin masu ƙafa huɗu in suna tafiyar hankali, ta baya ta hagu, ta gaba ta hagu, ta baya ta dama, ta gaba ta dama. Kyanwa ma ƙafarta ta baya kusan a cikin sawun ta gaba take sauka. Raƙumi da raƙumin dawa kuwa ƙafafun ɓangare ɗaya kusan tare suke tafiya, shi ya sa kake ganin raƙumi yana rangaji.

Abin da na fi so in ga ka yi shi ne ka ɗauki ƙaramin littafi da fensir ka fita waje. Zauna kusa da kaji ko tattabaru, ka ba kowane zane sakan 30, ba ido ba gashi ba inuwa, layin ƙashin baya kawai da inda ƙafafu suke. Za su yi muni, dabbar ma ba za ta jira ka ba, kuma hakan ake so, don dole idonka ya koyi cafko abin da ya fi muhimmanci. Wallahi ranar da na fara lura da kan tattabara da kyau na daɗe ban tashi daga wurin ba. Muna ganin kamar tana kai shi gaba tana dawo da shi baya, ashe ba ya komawa baya sam, tana cilla shi gaba ne sai ta riƙe shi wuri ɗaya jikin ya taho ya same shi, don ganinta ya daidaita. In ka yi haka a katun, firam biyu na cillawa sannan wasu firam na riƙewa, nan take za ka ga tsuntsun ya yi rai. Waccan gaɓar kuma da ke lanƙwasa baya a ƙafar kaza da mutane ke ce wa gwiwa, idon sawu ne, gwiwar na can sama ɓoye cikin gashi. Ƙafar bayan doki ma haka, in ka gane wannan za ka daina lanƙwasa ta ta inda ba ta lanƙwasuwa.

Bishiya tunda ka ambace ta, tsaya ka kalle ta da iska. Gindi da ƙyar yake motsi, manyan rassa su bi a hankali, ƙananan su biyo baya, ganyen bakin rassa shi ne na ƙarshe kuma shi ya fi kaɗawa, har bayan iskar ta lafa yana ɗan lilo. Jelar dabba da kunnenta haka suke bin jiki a makare. Komai ya motsa lokaci guda ya tsaya lokaci guda, shi ne katakon da kake gani.

Sai lissafi kaɗan. Fim hotuna 24 ne a sakan ɗaya, amma masu zanen hannu da yawa zane 12 suke yi kowanne ya zauna firam biyu, ka saita naka a 12 ya ishe ka. Kafin ka koma kan dabba ka yi ƙwallo mai tsalle: a can sama zanukan kusa-kusa don ta rage gudu, kusa da ƙasa nesa-nesa, in ta bugi ƙasa ta ɗan baje sannan ta miƙe. Yi ta sau da yawa, mai nauyi da marar nauyi, har hannunka ya saba.

In wayarka na ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ɗauki dabbar ka bi shi firam-firam bayan ka gama zanen da kake yi da kallon dabbar ido da ido, amma kar ka ɗora zanenka a kai kana bin layi, kalla ka fahimta ka rufe sannan ka zana. Ranar da wayar ta yi maka kaɗan akwai manhajojin Krita da Pencil2D da OpenToonz a kwamfuta, duk kyauta ne. A wannan makon dai ka cika shafi goma da kaji, ka yi ƙwallon, sannan tafiyar tattabara ta sakan biyu, ka turo min in gani. Allah ya yi wa hannunka albarka.