Ƙarin RAM ko UPS: wanne zan fara saya wa sabar shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon magunguna a Gombe, lissafinmu yana cikin manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, da ke gudana a Docker (manhajar da ke killace wata manhaja cikin akwatinta). In aka ɗauke wuta sabar takan daɗe ba ta dawo ba, rahoton ƙarshen wata kuma yakan tsaya da saƙon cewa ma'adanar haɗaka ta cika. Kuɗin abu ɗaya gare ni.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sayi UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, amma mai kebul na USB da zai sanar da sabar cewa batir ya kusa ƙarewa. Manhajar NUT kyauta ce, tana wannan aikin.

Tun sigar 9.6 ta 2016, PostgreSQL na raba babbar tambayar neman bayanai tsakanin ƙananan manhajojinsa, wato jagora da ma'aikata, yawanci biyu, suna miƙa masa sakamako ta ma'adanar da suke tarayya a kai. Rufe irin wannan tsari sai bi da bi: a sallami ma'aikata da masu amfani, a rubuta abin da ya rage zuwa faifai, sannan babbar manhajar ta fita. Wuta in ta yanke, ba ɗaya da ake yi. Sai sabar ta sake bin kundin WAL, inda ake rubuta kowane canji, daga wurin ajiya na ƙarshe, jinkirin da kake gani ke nan. Ka tabbata rufewar ta nau'in fast ce. Ta smart tana jiran kowa ya fita da kansa, batir kuwa ba ya jira.

Abin da ya fi damuna shi ne kill -9, umarnin kashe manhaja da ƙarfi. Don Allah ka hana yaronka amfani da shi kan ma'aikacin da ya maƙale. Ɗaya kawai ya mutu ta haka, PostgreSQL zai ɗauka ma'adanar ta gurɓace, ya kori kowa, har mai karɓar kuɗi a kanta. Umarnin soke tambaya na pg_cancel_backend a kan jagoran ya wadatar, ma'aikatan za su bi shi.

Matsalar rahoton ba ta cin ko sisi. Docker megabait 64 kacal yake ba /dev/shm, inda ma'adanar haɗakar da ta cika take, ko RAM ɗinka ya kai nawa. Ƙara shi da --shm-size. Haka kuma docker stop daƙiƙa 10 yake jira kafin ya kashe da ƙarfi, sai ka tsawaita wa'adin.

Ranar da ka kawo UPS ɗin, bayan an tashi daga aiki, zare filoginsa daga bango ka ga ko sabar za ta rufe kanta kafin batir ya mutu. Ka riƙa maimaita gwajin lokaci-lokaci, musamman da bazara, don zafin Gombe na saurin gajiyar da batir.