Amsa ga mai tambaya: na riga na san ƙarshen littafi, me zan tsinta a odiyonsa?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, wai littafin da ka riga ka karanta ka san wa ya mutu wa ya tsira, akwai riba ka sake ƙona data ka sauke odiyonsa ko ɓata lokaci ne kawai. Na so in amsa a lokacin sai caji ya ce bai san zance ba. To ga tawa, ka yi haƙuri za ta yi tsawo, kuma wanda bai karanta littafin da zan ambata ba ya wuce abinsa don zan fasa ƙwai.

Nawa littafin shi ne The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, wanda ya fito a 1971. Gwanjo na saye shi wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi ina ajin ƙarshe a sakandare, bangon ya rabu biyu wani ya liƙe da salatif, takardun sun yi ja kamar an tsoma su a shayi, kuma akwai ganye biyu a tsakiya da babu su sam. Na karanta shi a haka ya fi sau biyar.

Abin da ya sa na kawo shi, wannan littafin tun ranar da ya fito kowa ya san ƙarshensa. Labarin wani maharbi ne Bature ɗan Ingila da ƙungiyar OAS, wato sojojin Faransa da magoya bayansu masu jin haushin sakin Aljeriya da aka yi a 1962, suka ɗauko haya kan dala rabin miliyan ya kashe shugaban Faransa De Gaulle. To ai duk duniya ta san ba harsashi ne ya kashe De Gaulle ba, a gidansa ya mutu a watan Nuwamban 1970. Kamfanonin ɗab'i da dama ma da farko ƙin karɓar littafin suka yi, mutumin da ake cewa za a harbe ga shi nan da ransa a lokacin, wa zai saya? Sai ga shi ya zama abin da ya zama. Ka ga kenan daɗin ba a "wa zai mutu" yake ba, yana wajen yadda maharbin nan yake saƙa abinsa zare bayan zare, ga kuma ɗan sanda Lebel, wani ɗan guntun mutum da ba ya cika ido, yana biye da shi yana warwarewa.

Odiyon kuwa bara na fara shi, kuma abu na farko da ya yi min shi ne kunyata ni. Shekara da shekaru ina karanta sunan wurin da aka buɗe wa motar De Gaulle wuta ranar 22 ga Agustan 1962, wato Petit-Clamart, a matsayin "Fetit Kilamat", sai na ji mai karatu ya ce wani abu kamar "Pati Klama", wallahi sai da na mayar baya don ban gane wurin da na sani ba ne. Haka sunan Bastien-Thiry, hafsan da ya shirya harin aka harbe shi a watan Maris na 1963, ni da bakina na mayar da shi wani abu daban. 'Yan uwanmu na Nijar da ke nan ku yi dariyarku, na yafe. Wannan farkon fa ba ƙirƙira ba ce, ya faru da gaske, an yi ruwan harsashi sama da 100, an fasa tayoyin motar, amma De Gaulle da matarsa suka fita lafiya.

Na biyu, ganyen nan biyu da suka ɓace. A kwafina mai buga takardun jabu a Beljiyam yana cikin cewa sai an ƙara masa kuɗi ko ya tona asiri, ina juya shafi sai in ga maganarsa ta ƙare, an shiga wata. Na yi ta ƙiyasi, amma ban taɓa jin yadda aka yi ba sai ranar ina cikin gosulo da iyafis a kunne, na ji yadda maharbin ya kashe shi da hannu ya cusa gawar a akwati ya kulle ya fita kamar wanda ya je sayen goro. Na baya sai hon yake min, ni ina can Beljiyam.

Sai kuma abin da na lura da shi a kaina, ido ɓarawo ne. In kana karatu ka san inda zafin yake, sai ka riƙa tsallake bayanai kana sauri ka kai can. Kunne ba ya tsallake. Dole na zauna na ji yadda maharbin ya bi maƙabarta ya nemo kabarin yaron da ya mutu yana ƙarami wanda da yana raye da sun yi sa'a, ya karɓo takardar haihuwarsa ya yi fasfo da ita, da yadda ya zauna da maƙerin bindiga suna lissafin tsawo da kauri don ta shige cikin sandar guragu, da gwajin da ya yi a daji ya rataye wani abu dangin kankana a bishiya yana harbi yana gyara saiti da sukundireba. Da can nan ne nake gudu, yanzu nan na fi so.

Amma kar in yi maka ƙarya, takarda ma tana da nata. Wurin taron manyan jami'an tsaro da Lebel ke zuwa kullum da dare yana ba da rahoto suna wulaƙanta shi, sunaye da muƙamai sun yi yawa, a odiyo ruɗewa nake, sai na koma littafi na sa yatsa na ga waye waye. Har wurin da ya gano ta bakin wa sirri ke fita, bayan ya sa an saurari wayoyinsu dukkansu bai ware kowa ba, a takarda ya fi min daɗi don ina iya tsayawa in sake karantawa sau uku. Yanzu haɗawa nake, odiyo a hanya da wajen aikin hannu, littafi bayan isha.

In za ka sauke ka duba tsawonsa, cikakken ya haura awa 12, in ka ga na awa 3 an yanke shi ne kuma daidai abin da nake yabo suke zubarwa. Ka guji wanda na'ura ke karantawa, irin muryar nan da ta fara cika littattafan Hausa a YouTube, ba ta san wurin jan numfashi ba, ana kashe mutum tana tafiya kamar mai karanta sanarwar ɗaurin aure.

Shi marubucin ma ba baƙonmu ba ne, ya yi aikin jarida a Biyafara lokacin yaƙin basasa, ya tsaya ɓangaren Ojukwu, kuma abin da ya rubuta a kan yaƙin ni dai ban yarda da da yawansa ba, wannan maganar wata rana ce. Bayan ya koma gida aljihu wayam ne ya rubuta wannan cikin kwana 35. Ya mutu a watan Yunin 2025.

Ranar da na kai babin ƙarshe kuwa guga nake, an ɗauke wuta na hura na gawayi. An zo wajen bikin 25 ga Agusta na tunawa da 'yantar da Paris, maharbin ya shiga da shigar tsohon soja mai ƙafa ɗaya, ya hau bene ya haɗa bindiga ya saita kan De Gaulle. Na sani sarai De Gaulle zai sunkuya ya sumbaci kumatun wani tsohon soja da yake maƙala wa lamba harsashin ya wuce, na karanta wurin nan har na kusa haddacewa, amma na tsaya ƙiƙam da dutsen guga a kan shaddata ta Juma'a. Ƙauri ne ya dawo da ni. Uwargida har yau in ta ga na sa iyafis sai ta zo ta ɗauke kayan guga daga gabana.