Amsa: Koyon hawa keke mai taya ɗaya

Ɗan'uwa ka ce kwana uku kenan kana hawa kana faɗuwa, to don Allah kar ka karaya, kowa da haka ya fara. Nemi mai taya inci 20, ya fi sauƙin sarrafawa, ka daidaita sirdin yadda in feda ta sauka ƙasa gwiwarka za ta ɗan lanƙwashe kaɗan kawai. Ni abin da ya fi ba ni wuya shi ne sakin nauyina a kan sirdi, sai in riƙa danna feda, nan da nan cinyoyi su gaji. Zauna sosai, dafa bango, juya rabin zagaye ka tsaya, idonka na gaba. In za ka faɗi sake keken ka dira da ƙafa. Sa hular kwano da abin kare ƙwauri, feda na duka da zafi wallahi.