Tambaya da Amsa: Taragun 'yan sigina a Ingila

TAMBAYA: Salam Malam. Ina karatu a Ingila, kwanaki mun je wata tasha da ake adana tsofaffin jiragen ƙasa sai naga wani buɗaɗɗen tarago mai fenti ja da rawaya, lambarsa ta fara da KDB, ba na fasinja bane kuma bai yi kama da na ɗaukar gawayi ba. Dan Allah na meye? Ɗalibi daga Ingila.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wannan taragon ma'aikata ne, baya ɗaukar kayan kowa don kuɗi. A zamanin British Rail, wato bayan gwamnati ta karɓe reluwe a 1948, duk taragon da hukuma ta ware ma aikin kanta ana sa masa D a lamba, harafin da ke zuwa kafin D ɗin kuma shi ke nuna sashen da ya mallake shi. K ɗinnan na sashen sigina da sadarwa ne. Ja da rawayan fentin Satlink ne, tsarin da suka yi wajen ƙarshen shekarun 1980 na kai kayan sigina.

Toh me yasa 'yan sigina zasu buƙaci taragunsu? Kayan ne ba na wasa ba. Bayan hatsarin Armagh a Ayalan a 1889 da ya ci mutum 80, majalisar Birtaniya ta tilasta a haɗa sigina da wurin canjin layi ta yadda ɗaya ba zai motsa ba sai da yardar ɗayan, kaga kenan kowace mahaɗa sai an kai mata dogayen turakun sigina, sandunan ƙarfe masu tura layi, waya, falwaya, daga baya da lantarki ya shigo aka koma manyan gammon kebul da kwalbatin kankare da ake shimfiɗa kebul ɗin a ciki a gefen dogo, kuma galibin wurarennan mota bata isa, dole ta kan layin za'a bi, yawanci daren Asabar zuwa Lahadi idan an rufe hanya. Jirgi na tafiya a hankali kamar baya so, gammon na juyawa, ma'aikata na bin sa a ƙasa suna jan kebul.

Gaskiya ni a ganina an raina sashen nan. Sabon tarago ba kasafai yake zuwa musu ba, sai wanda ya gama wahala a ɗaukar bututu ko farantan ƙarfe a sake masa fenti, kamar dai rigar yaya da ta koma wuyan ƙane. Tsohon taragon fasinja ma haka, a cire kujeru ya zama wurin shan shayi da ajiye kayan aiki.

Bayan an sayar da reluwe ga 'yan kasuwa a shekarun 1990 aikin yafi komawa kan manyan motoci da injinan nan masu hawa titi su hau dogo, da yawa daga taragun aka yanka su aka sayar a ƙarfe. In ka koma ka leƙa ƙasa ta gefen firam, akwai ɗan farantin ƙarfe da aka rubuta inda aka ƙera shi da shekarar.