Amsa ga mai tambaya kan wasan farko a ƙaramin kulob

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ku biyar ne, an ba ku daren Asabar a wani ƙaramin kulob a Kaduna, kuma duk waƙoƙinku a situdiyo kuka yi su, ba ku taɓa kaɗawa a gaban jama'a ba. Na daɗe ina kaɗa fiyano a irin waɗannan wurare, bari in faɗa maka abin da na gani.

Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne ƙarar sauti. Ɗakin ƙarami ne, bangon siminti, ƙasa tayil, sauti yana bugun bango ya dawo. Ganga ita kaɗai ta cika wurin ko ba a sa mata makirufo ba. Sai mai jita ya ji kamar ba a jin sa, ya murɗa. Mai fiyano ma ya murɗa. Kafin waƙa ta uku muryarka ta nutse, kana ta ihu jijiyar wuya a tashe, mutanen teburin gaba suna ja da kujerunsu baya. Shi kuwa Bahaushe baiti yake bi. In bai ji abin da kake faɗa ba, hirarsa zai ci gaba da yi. Don haka ku je tun la'asar, a fara daidaita muryarka da ta ɗan amshi, sauran kaya su shigo a ƙarƙashinsu. Mai ganga ya sassauta hannu, ko ya jefa tsumma a cikin babbar gangar. Kada ka tsaya da makirufo a gaban lasifika, kada kuma ka dunƙule kansa a tafin hannu, nan ne wannan kukan mai tsaga kunne yake fitowa.

Sai maganar murya. A situdiyo kwamfuta ce take gyara maka inda ka kauce, kuma layi-layi ake ɗauka, kana hutawa. Shi ya sa da yawa daga mawaƙanmu a wurin biki filashi suke sawa su bi da baki. A kulob babu wannan rufin asirin. Waƙar da ka ɗauka da murya sama, a sauke ta kaɗan yadda za ka kai ƙarshen dare ba ka dishe ba. Ku yi gwaji daga waƙar farko har ta ƙarshe ba tsayawa, ku san yadda kowace take ƙarewa, domin a nan ake jin kunya: mai ganga ya tsaya, mai jita yana tafiya.

In kana son ka ga waɗanda suka gwanance, nemi bidiyon Tal National, wata ƙungiyar makaɗa ta Yamai. Tun shekarar 2000 suke, an san su da kaɗa awa biyar a dare guda, da jita da kalangu, kuma irin wannan wasan dare ne ya goge su kafin faifansu Kaani ya fita duniya a 2013. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake riƙewa, amma ba ka rasa kalma guda a bakinsa.

Kuɗi kuma, ku gama magana da mai wurin tun kafin ranar, ku karɓi kafin alƙalami. A tantance wa zai sayi man janareto, a kuma haɗa kayanku ta sitabilaiza, don na ga fiyano ya ƙone lokacin da aka dawo da wuta tsakiyar wasa. Kuɗin liƙi ku ware mutum ɗaya amintacce ya tattara, a ƙirga a gaban kowa a daren. Ƙungiyoyin da na sani suka watse, yawanci a kan jakar liƙi ne.

Wane irin lasifika ne a wurin, nasu ne ko haya za ku yi? Faɗa min in gaya maka yadda za ku jera su.